RAM ɗin da na saya ya ƙi shiga ko'ina, ga kunyar aboki, ga kuɗin Yaya

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 24, a Kano nake, sana'ar POS nake yi. Na fi shekara ɗaya da rabi ina tara kuɗi don in haɗa kwamfutar buga gem, har na tara naira dubu 550. Yayana da ke aiki a kudu ya ƙara mini dubu 300, saboda na ce masa gyaran bidiyo zan koya in riƙa samun aikin biki. Ina da niyyar koyon, amma tsakani da Allah abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne buga gem irin su FC na ƙwallo da GTA V da Warzone. Ko sisi ba zan samu ƙari a kan wannan kuɗin ba, kuma na riga na taɓa shi: na ga RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, irin DDR5 mai gigabait 16, sanda ɗaya, aka ce shi ne na yayi, na saya. Yanzu abokina na yarinta, wanda aure ya taso masa, yana so in sayi tasa: furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, Core i7-4770 da madabod ɗinta, wato faifan da ake soka duk kayan a jikinsa, da katin girafik, mai fitar da hoto, RX 580. Ya ce i7 ce, babu gem ɗin da ba ta bugawa. Wani mai shago kuma ya ce in ɗauki furosesa Ryzen 5 5600 da madabod B450 da katin girafik RTX 3060 na hannu, in rage kuɗi da wani fawa-fak, wato na'urar da ke ba kwamfuta wuta, mai araha da aka rubuta wat 800 a jikinsa. Ya kuma ce RAM ɗina ba zai yi ba. Talabijin inci 32 nake da ita a ɗaki. Ina tsoron asara, ina jin kunyar abokina, ban kuma san da wane ido zan kalli Yaya ba. Me zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa wa sana'arka albarka. Wanda ya zauna a ƙarƙashin lema yana tara cajin naira ɗari-ɗari har ya haɗa dubu 550 ya san zafin kuɗi, saboda haka tsoron da kake ji a kan hanya yake. Ka kwantar da hankalinka, har yanzu mafi yawan kuɗin yana hannunka, kuma kuskuren da ka yi mai gyaruwa ne.

Bari in fara da RAM ɗin, tunda na lura shi ne ya fi ci maka rai. Mai shago ya faɗa maka gaskiya: ba zai shiga madabod ɗin da ya nuna maka ba, haka ma na abokinka. Core i7-4770 ta fito ne a 2013, soket ɗinta, wato gurbin da take zama a madabod, LGA1150 ne, kuma da DDR3 take aiki. Ryzen 5 5600 kuwa a soket AM4 take zama, da DDR4 take aiki. Ka ɗauko sandar RAM ɗinka ka duba gefen da ke da haƙora masu ruwan zinare, za ka ga wata 'yar tsaga a tsakani. Wurin wannan tsagar ya bambanta tsakanin DDR3 da DDR4 da DDR5, kuma da gangan aka yi haka don kada wani ya shiga ramin wani. Duk wanda ya ce maka a ɗan danna da ƙarfi zai shiga, to zai karya maka ramin ne. Ka kuma duba tsawonsa tun yanzu, domin RAM ɗin laftof gajere ne, kusan rabin na babbar kwamfuta, kuma mutane da yawa sun sayi na laftof ba su sani ba.

Akwai hanyar da za ka yi amfani da shi. Core i5-12400F ta Intel tana zama a soket LGA1700, kuma madabod ɗin wannan soket iri biyu ne, wasu na DDR4 wasu na DDR5, ana rubutawa a jikin kwali. Ko kuma soket AM5 na AMD, kamfanin da ke yin Ryzen, da ya fito a 2022, wanda DDR5 kaɗai yake ɗauka. Sai dai AM5 zai cinye maka kuɗin da ya kamata ya tafi ga katin girafik. Ni a ganina bai dace sanda ɗaya ta RAM ta ja ragamar duk sauran kayan ba. Ka koma inda ka saya ka nemi musaya, ko ka sayar da shi ko da za ka ɗan faɗi, ka karɓi DDR4-3200 sanda biyu, kowacce gigabait 8. Sanda biyu sun fi ɗaya mai gigabait 16 sauri, domin furosesa tana ɗiba daga hanyoyi biyu a lokaci guda, kuma a gem irin Warzone ana jin bambancin. Idan kuma ka yi lissafi ka ga i5-12400F da madabod mai DDR5 sun zo daidai da farashin ɗaya ɓangaren, babu laifi ka riƙe naka, ka ƙara masa ɗan'uwa irinsa daga baya.

Abin da ya jefa ka cikin wannan shi ne ka faro saye daga tsakiya. Mai haɗa kwamfutar gem daga gem ɗin da zai buga da allon da zai kalla yake farawa. Su ne ke faɗa masa katin girafik ɗin da yake bukata. Daga kati sai furosesar da ba za ta riƙe shi ba, furosesa ta zaɓi soket da madabod, madabod ya zaɓi RAM, sannan a haɗa wutar da duka suke ci a zaɓi fawa-fak, a auna tsawon kati a zaɓi akwati. Kowace gaɓa a rubuce take a shafin kamfanin da ya ƙera kayan, kuma shafin PCPartPicker yana nuna maka kyauta idan abu biyu ba su dace da juna ba. Ka shigar da sunayen kayan a wayarka kafin ka taka ƙafa zuwa kasuwa.

Yanzu maganar abokinka, wadda ita ce mai nauyi. Ban ga alamar yana son cutar ka ba. Mai yiwuwa da tsada ya sayi kayan nan, sun yi masa aiki shekaru, kuma shi ma ya yarda da abin da yake faɗa. Ga hidimar aure a kansa, ga kai da ya san kana riƙe da kuɗi kuma kwamfuta kake nema. Duk wanda ke matsayinsa kai zai fara tunawa. Amma sunan i7 shi kaɗai ba ya faɗin komai sai an haɗa da lambar da ke bayansa. Wannan 4 ɗin na farkon 4770 yana nufin zubi na huɗu ne. Ƙwayoyin aiki huɗu gare ta, Ryzen 5 5600 kuwa shida, kuma kowace ɗaya ta fi ta tsohuwar sauri nesa ba kusa ba. Ga kuma wata matsalar da ta fi wannan: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, jerin furosesoshin Intel da Windows 11 ta amince da su kuma kusan duka daga zubi na takwas ya fara. Sababbin gem na intanet sun fara cewa sai kwamfuta tana da tsaron TPM 2.0 da Secure Boot, har kamfanin da ke yin Warzone ɗin da kake so ya sa wannan sharaɗi a gem ɗinsa Black Ops 7 na 2025. Idan ka sayi wannan madabod, ka sayi gidan da ba a iya ƙara masa ɗaki ne. Ranar da ka so ci gaba, furosesa da madabod da RAM duk sai ka zubar ka sake sabon lale.

Sannan ka yi tunanin abin da zai biyo baya. Ka saya don kunya, bayan wata biyu gem ya fara tsayawa ko katin ya mutu. Ba za ka iya mayar masa ba, ya riga ya kashe kuɗin a lefe. Ba za ka iya yi masa magana ba, sai ka riƙa haɗiyewa, duk lokacin da kuka haɗu abin yana ranka. Na fi jin tsoron wannan ga abotarku fiye da "a'a" ɗin da za ka faɗa yau. Ka je gidansa da ƙafarka, kada ka tura saƙo a WhatsApp. Ka ce masa: "Wallahi na so in saya, amma kuɗin nan da na Yaya a ciki, kuma na duba, gem ɗin da nake so da aikin da zan koya sun fi ƙarfin wannan madabod ɗin. Bari in taya ka neman mai saye." Kuma ka taya shi da gaske. Wannan kwamfutar har yanzu tana da amfani ga mai shagon buga takardu, ko mai gidan gem na unguwa da yara ke buga tsofaffin ƙwallo, kuma kai da kake zaune a bakin hanya kana hulɗa da jama'a kullum ka fi shi damar samun ciniki. Gudummawar biki kuma ka ba shi daga ribar sana'arka gwargwadon ƙarfinka, a matsayinta na gudummawa, ba a cakuɗa ta da ciniki ba.

Akwai tsaka-tsaki idan ya yarda ya raba kayan. Katin girafik ba ruwansa da soket, kusan kowanne yana shiga ramin PCIe na kowane madabod, don haka RX 580 ɗinsa zai zauna a sabuwar kwamfutarka. Katin 2017 ne, yana cin wuta kusan wat 185, zai buga GTA V da FC a 1080p, wato hoto mai faɗin ɗigo 1920 da tsayin 1080, amma a Warzone zai yi ta nishi. Idan lissafi ya nuna kuɗinka ba zai kai RTX 3060 mai lafiya ba, za ka iya sayen katin kaɗai ka yi maneji da shi har ka sake tarawa. Sai dai ka gwada shi kamar na baƙo. Ka buɗe manhajar GPU-Z ka duba adadin ƙwayoyinsa: RX 580 na asali 2304 yake nunawa, akwai kuma wani da ake kira RX 580 2048SP wanda a ƙarfi kusan RX 570 ne. Irin waɗannan katunan an yi haƙar kuɗin kirifto da su sosai, kuma bayan kuɗin kirifto na Ethereum ya daina haƙa da katin girafik a Satumban 2022 suka cika kasuwar kayan hannu. Ka tambaye shi inda ya samo nasa, cikin raha, ba da sigar tuhuma ba.

Shi kuma mai shago, rabin shawararsa mai kyau ce. Ryzen 5 5600 da RTX 3060 sun dace da juna, kuma sun dace da kai. Amma ka tabbatar da abu biyu. RTX 3060 iri biyu ne, mai gigabait 12 da mai gigabait 8 da ya fito daga baya, wanda ya fi rauni ko da yake sunansu ɗaya. Mai 12 za ka nema. Madabod B450 kuma ya girmi wannan furosesar, sai an sabunta masa BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod mai tayar da kwamfuta, kafin ya gane ta. Idan ba a sabunta ba, za ka kunna, fanka ta juya, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Ka sa ya ɗora furosesar ya tayar a gabanka. Idan ratar farashi tsakaninsa da B550 ba ta da yawa, ka ɗauki B550. Idan kuma ka ga sabon RX 6600 da garanti a kusan kuɗin RTX 3060 na hannu, shi ma kati ne mai kyau a 1080p, wat 132 kawai yake ci. Wanda zan ce ka kauce masa shi ne RX 6500 XT, domin gigabait 4 ne, kuma a kan B450 yana ƙara shaƙewa.

Inda ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne fawa-fak. A nan nake roƙonka kada ka rage ko kwabo. Shi ne ke karɓar wutar bango ya raba wa duk kayan da ka sha wahalar saye, kuma idan marar kyau ya tashi mutuwa yakan tafi da madabod ko kati. Lambar 800 da aka buga da manyan baƙaƙe ba hujja ba ce. Ka juya gefensa ka karanta takardar da ke manne, ka nemi layin +12V, domin daga nan furosesa da kati suke sha. Ka ninka amfiya ɗin da aka rubuta sau 12, abin da ya fito shi ne ƙarfinsa na gaskiya. Idan an rubuta 20A, wat 240 ke nan, ko me aka buga a kwali. Ka ɗaga shi a hannu ma, na banza ba shi da nauyi. RTX 3060 wat 170 yake ci, Nvidia da kanta wat 550 ta ce a sa masa. Saboda haka wat 550 zuwa 650 daga kamfanin da aka sani, irin Corsair ko Seasonic ko Cooler Master ko MSI, mai shaidar 80 Plus Bronze, sabo a kwalinsa, ya ishe ka har da rara. Ka tabbatar yana da wayar PCIe mai baki 8 tasa ta kansa. Idan aka ce sai an yi dabara da adafta kafin a ba katin wuta, ka ajiye shi. Araha ba ta ado, a nan kuwa har gobara tana iya jawowa.

Kai ma ka san halin wutarmu, a kawo a ɗauke, wani lokaci ta zo da ƙarfi, ga janareta. Don haka ka ware kuɗin UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, tun a lissafin farko. Lambar VA da ke jikin ƙananan UPS ba wat ba ce. Mai 650VA yawanci wat 360 zuwa 390 yake ɗauka, kuma da kwamfutarka da allo suna tsakiyar gem za su kai shi bakin iyakarsa. Ka nemi mai 1200VA ko sama. Aikinsa ya ba ka mintunan da za ka kashe kwamfuta lafiya, ba ka ci gaba da wasa ba. Idan kuɗi ya gaza, ka fara da sitabilaiza mai kyau, UPS ya zama abu na farko da za ka saya nan gaba.

Sauran kayan ba su da wahala. SSD, wato ma'ajiyar da gem da fayiloli ke zama, irin NVMe mai terabait 1 idan ya samu, in ba haka ba gigabait 500, ka sani dai GTA V da Warzone kowanne yana iya cin kusan gigabait 100 ko fiye. Fankar da ke zuwa a kwalin Ryzen 5 5600 ta isa, amma ka tambaya, domin wadda ake sayarwa ba kwali ba ta zuwa da fanka. Akwati kuwa ka zaɓi mai raga a gaba da matatar ƙura, ka bar mai gilashi da fitilu masu launi. Zafin Afrilu a Kano yana haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka cikin 'yan makonni, iska ce za ta raya maka kayan. Ka duba tsawon katin a shafin kamfaninsa ka gwada da abin da akwatin yake ɗauka, masu fanka uku sukan ƙi shiga ƙananan akwatuna. Talabijin ɗinka za ta yi a yanzu. Da yawa daga masu inci 32 ba su kai 1080p ba, a 1366 da 768 suke tsayawa, don haka monita ta shiga jerin abin da za ka saya daga baya. A rabon kuɗi, ni zan ba katin girafik kusan kashi 35 zuwa 40 cikin 100, in kuma ɓoye wani ɗan abu a aljihu saboda waya ko fanka da ba a yi zato ba.

Saura Yaya. Ƙanena, ka kira shi kafin ka kashe dubu 300 ɗin nan. Shi bai ba ka don ya ji daɗin rabuwa da kuɗi ba, ya ba ka ne don yana so ya ga ka tsaya da ƙafarka, kuma a kan maganar da ka faɗa masa ya bayar. Ba ka yi masa ƙarya tsagwaronta ba, amma ka ɓoye rabin zancen, shi ya sa zuciyarka ta ƙi kwanciya. Ka ce masa: "Yaya, kwamfutar nan zan riƙa buga gem da ita, ban so ka ji daga baya ba. Amma kayan da na zaɓa su ne na gyaran bidiyo, kuma ga lokacin da na ware don koyo." Wannan maganar gaskiya ce, domin RTX 3060 mai gigabait 12 da furosesa mai ƙwayoyi shida suna ɗaukar aikin bidiyon biki sosai, kuma DaVinci Resolve yana da nau'in kyauta da ake aikin sana'a da shi. Ka yanka wa kanka sa'a ɗaya ko biyu kullum bayan ka tashi daga wurin POS, kafin ka taɓa gem. Mai yiwuwa ya yi faɗa, ka saurara, haƙƙinsa ne. Idan ya ce a dawo masa da kuɗinsa, ka mayar ba tare da ɓacin rai ba. Da abin da ya rage za ka iya haɗa Ryzen 5 5600 ɗin da katin abokinka, ko ka ɗauki Ryzen 5 5600G mai girafik a cikinta ka fara da ƙananan gem har ka tara kuɗin kati.

Idan kun daidaita, kada ka saya ɗaya-ɗaya cikin watanni. Garantin gwaji na kayan hannu 'yan kwanaki ne, idan kati ya kwanta a ɗaki yana jiran madabod, wa'adin zai ƙare ba ka ma kunna shi ba. Farashi kuma dala yake bi, don haka ka zaga Beirut Road ka ji na shago uku a rana ɗaya, ka kwatanta da na Computer Village ta Ikeja a waya, sannan ka saya duka a yini guda. Ka tafi da wanda ya san harkar kuma ba shi da kamasho a cinikin. A haɗa a gabanka, a sa sandunan RAM a rami na biyu da na huɗu daga furosesa idan ramuka huɗu ne, a kunna saitin da ake kira XMP a BIOS don su yi gudun 3200 da ka biya, a wasu madabod DOCP ake kiransa. A buɗe CPU-Z da GPU-Z ka ga sunayen sun yi daidai da abin da ke kan rasit, a duba lafiyar SSD da CrystalDiskInfo, a bar katin a kan manhajar gwaji ta FurMark ko gem mai nauyi na minti 20 zuwa 30 kana kallon zafinsa da allon, ko zai yi zane-zane ko ya ɗauke. A rubuta lambar jikin kowane kaya da kwanakin garanti a rasit kafin ka tura kuɗi. Idan ka isa gida, wayar HDMI a jikin katin girafik za ka soka ta, can ƙasa. Ramin da ke jikin madabod ba zai nuna komai ba, domin Ryzen 5 5600 ba ta da girafik nata na kanta.